Penioni da Ruwan Mutanen Birni

Penioni ya zo duniya a kan ruwa, kuma bai taɓa barin kowa a Nabuto ya manta da hakan ba. Uwarsa na kan bilibili, jirgin nan namu na gorori da ake ɗaurewa da igiyar daji, za su kai ayaba kasuwa ita da mijinta, naƙuda ta tsayar da su a inda kogin Wainisala ke matsewa tsakanin duwatsu biyu. In yana ba da labarin a zaman shan yangona, jiƙon saiwar da muke sha da ƙoƙo, cewa yake shi ya karɓi sandar tuƙi a hannun ubansa ya ƙarasa da su gaɓa. Mukan tafa masa, don shi ke rabon, kuma wanda ya ƙaryata shi ƙoƙonsa kan zo rabi.

A ƙuruciyarmu ruwan sama kaɗai kogin ke yi wa biyayya. Penioni ya koyi karatunsa tun bai kai tsawon sandar tuƙi ba: launin girgije a kan tsauni, ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa can nesa, irin gurnanin da duwatsun ƙasan kogi ke yi in sun fara mirginawa. Ya sare gora ranar Laraba, ya ɗaure ranar Alhamis, ya loda gwaza da ayaba ya gangara. A kasuwa ya sayar da kayan, ya bar jirgin ga mai son yin shinge, ya dawo a ƙasa kwana biyu da gishiri da sukari a baya. Jirgin gora gangara kawai ya sani.

A Draunivau, gari na huɗu a ƙasanmu, ya samo Salanieta. Tana wankin gwaza a bakin ruwa ya zo wucewa, ya so ya burge ta, ya kafa sanda ya ɗaga ƙafa ɗaya. Sandar ta maƙale a laka, jirgi ya wuce ya bar shi a rataye. Takan ce tun ranar ta san in ba ta aure shi ba ruwa zai ci shi.

Yana da shekara talatin aka shigo da manyan motoci bayan tsauni. Shekara biyar ana fasa dutse, muna jin ƙarar a ƙirjinmu, tsuntsaye na tashi gaba ɗaya kamar an kaɗa zane. Da aka gama, sai ga madatsar ruwa a can sama, tafki ya kwanta inda muke farautar aladun daji. An huda tsaunin, ruwa na bi ta cikinsa ya faɗa kan injinan wuta, su kuma su tofo shi cikin koginmu. Wayoyin suka bi ta saman kanmu suka nufi Suva, babban birni, mu muka ci gaba da goge fitilun ƙwai.

Daga nan Wainisala ya sake hali. Rana tsaka, sama wasai, sai ruwa ya taso ya kwashe wankin mata. Wata rana ana tsuga ruwan sama, shi kuwa ya lafe kamar mai zazzaɓi. Matuƙa da yawa suka jingine sandunansu suka koma noma. Penioni ya yi rani guda yana zama a kan dutse ɗaya da sanda mai tsage-tsage, yana auna ruwan, bai gane komai ba. Sai da ciwon haƙori ya kai shi Suva ya kwana uku a gidan wani ɗan'uwansa. Ya ga da safe kowa na jona butar shayi da dutsen guga. Ƙarfe takwas ya ji jiniyar masana'antu. Ya ga da yamma an kunna gari duka. Ya dawo ba haƙori, amma da dariya har kunne.

"Na gano ubangidan kogin nan," ya ce mana. "In mutanen birni suka ja wuta, sai a buɗe wa inji ruwa. Awa uku yake yi kafin ya iso mana."

Tun daga ranar, in ya ga ruwa ya ɗan ɗaga da hantsi sai ya ce, "Matan Suva sun yi guga." In babban ruwa ya zo wajen sha ɗaya ya ce, "An shiga aiki, a kwance igiya." Ranar Lahadi ko kallon kogin ba ya yi, wai shi ma coci ya tafi. Shekara talatin da biyar yana hawan ruwan mutanen da ba su san da shi ba, bai taɓa kwana a kan tsakuwa ba. Har ma'aikatan madatsar, in sun sauko sayen jatan lande, sukan tsaya su tambaye shi inji nawa aka kunna jiya, ya faɗa musu, su dubi juna.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, shi ma ba a cikin ruwa yake ba. A al'adarmu, namijin da ya auro mace daga wani gari, in ta haihu, dole wata rana ya kai fuskokin yaran garin uwarsu, da tabarmi da kananzir da zanen ɓawon itace da tambuwa, haƙorin babban kifin teku da ba a buɗe babbar magana sai da shi. Kafin a yi haka yaran na iya zuwa, a ba su abinci, a yi musu shimfiɗa, amma baƙi ne a gidan kakarsu. Yawanci ana yi tun yaro bai shiga makaranta ba. Penioni ya shekara arba'in da ɗaya yana shiri. Sau uku tabarmin na cika. Na farko guguwa ta yaye rufi, ruwa ya ruɓar da su. Na biyu ubansa ya rasu, aka shimfiɗa su a makoki. Na uku aka gama ginin coci, fasto ya dubi tulin tabarmin, Penioni ya dubi ƙasa, shi ke nan. Yaran kuwa ba su jira ba. Kitione ya yi sanƙo a masana'antar biskit a Suva, Unaisi ta zama malamar jinya mai 'ya'ya uku.

Wani rani sai ga Watisoni, wan Salanieta, ya hauro a kan doki. Tsakanin mutum da ɗan'uwan matarsa, masu kiran juna Tavale, wasa ne har kabari, kuma waɗannan biyun ba su taɓa raga wa juna ba.

"Tavale!" ya ƙwala tun bai sauka ba. "Ina jariran? An yaye su kuwa?"

"Sauko, Tavale, ka tausaya wa dokin nan. Tumbi biyu yake ɗauke da su, nasa da naka."

Suka yi ta yi har aka kawo yangona. Da ya sha, sai Watisoni ya ajiye ƙoƙon a hankali.

"Uwarmu ce ta aiko ni. Idanunta na rufewa. Yanzu kaza ma sai ta yi kuka take sanin kaza ce. Ta ce a kawo mata fuskokin jikokinta tun tana ganin wani abu."

A bayan ɗaki Salanieta na kankarar kwakwa. Ƙarar ta tsaya.

"Baban Kitione," ta ce, ba ta ko leƙo ba, "ka dai ji."

Wata biyu garin Nabuto bai huta ba. Mata suka saƙa tabarma sittin, maza suka haɗa garwar kananzir talatin da gwaza tuli guda. Babu hanyar mota tsakanin garuruwan biyu, sai kogi, kogin kuwa rani ya tsotse shi har haƙarƙarinsa sun fito. Ruwan inji kaɗai zai iya ɗaukar jirage uku masu wannan nauyi. Penioni ya zauna ya zaɓi rana, ya zaɓi Juma'ar da 'yan ƙasarmu za su buga wasan ƙarshe na ƙwallon zari-ruga a ƙasar waje, wanda za a nuna ƙarfe goma na safe.

Samari suka tayar da ƙura. Wai a duk ranakun Allah sai wannan?

"Ku ba ku san komai ba," in ji shi. "Ranar nan babu talabijin ɗin da za ta kwana a kashe. Ku haɗa da masana'antu. Ruwan da zai zo, ko shanu muka ɗora sai ya kai mu. Kada wanda ya koya mini kogi."

Aka aika Draunivau. Suka yanka sa biyu, suka haƙa ramukan gashi, suka gayyato dangi daga garuruwa biyar.

Ranar muka tashi ƙarfe tara a kan ɗan ruwan shayi da guga, da niyyar babban ruwa ya cim mana a hanya. Safiya ce irin wadda mutum kan so ya ninke ya ajiye. Hazo na ɗagawa daga kan itatuwa a hankali, koren aku na tsallaka kwazazzabo suna zagin juna, ruwa garau har kana ganin inuwar jirgin na tafiya a kan duwatsun ƙasa. Kitione da Unaisi na zaune a tsakiyar jirgin gaba, an shafe su da man kwakwa, an naɗe su da zanen ɓawon itace ninki bisa ninki har ba sa iya lanƙwasawa. Samari sun riƙe rediyo a sama kamar hadaya, amma tsaunuka sun hana ta magana, sai shuuu.

Sha ɗaya ta yi, Penioni ya waiwaya. Sha ɗaya da rabi ya sake waiwayawa. Gorori suka fara gogar dutse. Da rana ta take tsaka, a wani faffaɗan wuri mai tsakuwa, tafiyar awa guda a ƙasa kafin Draunivau, jirgin gaba ya yi ƙara ya tsaya. Na biyu ya zo ya dungure shi, na uku ya kwanta a gefensu. Ruwan da ya rage bai rufe idon sawu ba.

Kitione ya juyo da wuyansa da ƙyar daga cikin naɗin, ya kira ubansa Ta, yadda muke kiran uba.

"Ta, wai ruwan ƙarfe takwas kake jira?"

"Shi da na talabijin, a haɗe."

"Ai yau ba a kunna inji ba. Manaja ya ce kowa ya je ya kalli wasa, a dawo ƙarfe ɗaya. Mu da masu fulawa da masu siminti, duka."

"To talabijin fa? Dubu nawa ne a Suva?"

"Ta, talabijin ɗari ba su kai murhun biskit ɗaya shan wuta ba. Kuma unguwa guda a gida ɗaya take taruwa, sauran a kashe."

"Kai! Me ya hana ka faɗa tun a gida?"

"Ka ce kada wanda ya koya maka kogi."

Unaisi ta so ta danne dariya, zanen ya matse ta, ta ɓuge da tari. Salanieta ba ta yi dariya ba. Ta sauko, ta tattare bakin rigarta ta biki, ta buɗe laima.

"Ku zauna ku jira matan Suva," ta ce. "Ni zan je in gaya wa uwata irin mijin da na aura."

Muka bi ta da kallo tana taka tsakuwa, laimar na ƙanƙancewa har ta sha kwana. Kayan nan, ko kowa ya ɗauka a ka, sawu huɗu ne ta ƙaramar hanyar gefen dutse, rana ta faɗi ke nan, naman biki ya bushe a rami, baƙi sun watse. Penioni ya zauna a kan garwar kananzir, ya riƙe kai. Ban taɓa ganin ya tsufa ba sai ranar.

Can sai ya ɗago.

"Ƙarfe ɗaya ka ce za a koma aiki? Dukansu lokaci guda?"

"Har da cike gurbin na safe."

Ya yi ta lissafi da yatsu, ya dubi rana, ya dubi tsaunin yamma, ya miƙe tsaye. Ya sa muka jawo jiragen uku muka jera su kafaɗa da kafaɗa, muka ɗaure su wuri guda, muka kafa turaku huɗu muka ɗaura igiya mai sassauci. Muka tura kaya baya, muka shimfiɗa tabarmi a gaba. Babu wanda ya tambaye shi dalili, tausayinsa muke ji.

Wajen ƙarfe huɗu muka ji waƙa. Sai ga mutanen Draunivau kusan kaf sun sha kwanar, da kwandunan nama mai turiri, da tukwane, da karnuka. A tsakiyarsu maza huɗu na ɗauke da ƙyauren ɗaki, a kansa uwar Salanieta, Bubu Arieta, na zaune, 'yar mitsitsiya, gashinta fari fat, Salanieta na riƙe mata laima. Daga baya muka ji cewa da aka gaya mata, cewa ta yi ita ba ta da wata Juma'ar da za ta ba kowa aro, a cire ƙyaure.

Watisoni ne a gaba a kan dokinsa, cikin sabon farin zane da kwat.

"Tavale! Mun ci wasa! Ƙasa duka na murna, sai kai kaɗai aka lallasa! Wannan ne kogin da aka haife ka a kai? Ko gwazar za ku dasa a nan ku jira ta nuna?"

Penioni ya sunkuyar da kai ya shanye ba'ar. Da aka lafa ya ce, "Tavale, ruwa na zuwa kafin rana ta taɓa tsaunin can. Ku hau jirgi a yi abin nan a kai."

Dariya ta ɓarke har karnuka suka taya.

"Ruwan naka? Irin na safe? Mu masu gari a kan ƙasarmu za mu zauna, ba a kan tarkacenka ba."

"Ni dai ku ɗora ni a jirgin," in ji Bubu Arieta. "Duwatsun nan ba su dace da ƙugun tsohuwa ba."

Aka ɗora ta, mata suka bi ta. Mazan Draunivau suka jeru a kan tsakuwa cikin kayan cocinsu. Penioni ya durƙusa a bakin jirgi da tambuwa a hannu, igiyarta a dama, haƙorin a hagu. Mutumin da ke iya cika yini da labari ɗaya, ranar maganarsa ba ta fi numfashi goma ba. Ya ce ya ɗauko 'yarsu tana yarinya, ta cika masa gida da haske, shi kuwa ya bar ta tana shiga garinsu da kai a sunkuye shekara arba'in da ɗaya. Ya ce ga fuskokin nan ya kawo, sun makara, laifin nasa ne shi kaɗai. Ya miƙa tambuwar.

Watisoni ya karɓa. Kowa ya san muddin tambuwa na hannun mai jawabi, ba a tashi, ba a magana, har sai ya kai ƙarshe ya sumbace ta an tafa. Watisoni ya san haka fiye da kowa, kuma ya yi shekara arba'in da ɗaya yana tanadin wannan jawabi. Ya faro daga kakan kakansu da ya sauko daga tsauni. Ya bi matansa ɗaya bayan ɗaya.

Yana kan mata ta uku wata iska mai sanyi ta biyo kwazazzabo, mai ƙamshin cikin dutse. Busassun ganye a 'yan kududdufai suka fara juyawa. Penioni ya yi gyaran murya. Watisoni ya harare shi, ya ƙara jan kalmomi. Ruwa ya zo shiru, siriri, ya bi tsakanin tsakuwa kamar mai neman wani abu da ya yar, ya taɓa gwiwoyin mazan Draunivau. Babu wanda ya motsa. Ya hau cinya. Gorori suka yi ƙara a ƙarƙashinmu, jirgin ya ɗaga a hankali, igiyoyi suka miƙe. Yanzu Bubu Arieta daga sama take fuskantar ɗanta. Wani dattijo a layin gaba ya bi takalminsa da ido yana tafiya.

Da ruwa ya kai wa Watisoni cibiya, sai kakanni goma sha ɗaya suka wuce a numfashi guda. Ya sa albarka, ya sumbaci haƙorin, aka tafa, rabin tafin a cikin ruwa. Sannan kowa ya tashi da ihu, masu kwando na ɗora kwando a ka, masu kwat na rige-rigen hawa jirgin da suka ƙi. Samari biyu suka jawo Watisoni ta hammata kamar buhun rogo.

"Sannu da zuwa tarkace, Tavale," in ji Penioni.

A tsakiyar wannan hargitsi Kitione da Unaisi suka rarrafa zuwa gaban kakarsu. Matan Draunivau suka warware musu zanen, ninki bayan ninki. Bubu Arieta ta kamo fuskar Unaisi da hannu biyu, ta matso da ita har hancinsu ya haɗu, ta daɗe tana kallo da ɗan hasken da ya rage mata.

"Wannan tamu ce," ta ce. "Ga bakin uwata nan."

Ta laluba ta Kitione. Ta shafa haɓa, ta shafa hanci, ta hau goshi, ta yi ta tafiya.

"Yaro, ita taka fuskar a ina ta tsaya?"

"Bubu, jira ne ya ƙara mata fili."

Ta yi dariya har hawaye, ta rungume kawunansu biyu a ƙirjinta, ta kira su da sunan gidansu, ta ce daga yau babu ƙofar da za su ƙwanƙwasa a Draunivau. Salanieta na gefe, ta rufe fuska da bakin mayafi, kafaɗunta na rawa.

Penioni ya sa aka sare igiyoyi. Ruwan ya cika kwazazzabon daga gefe zuwa gefe, kore shar, rana na zuba masa ja a kai. Jirage uku a haɗe, da gari biyu a kansu, suka gangara, waɗanda ba su samu wuri ba na bin hanyar gefen dutse da gudu da dokin Watisoni. Kafin rabin awa sai ga rufin cocin Draunivau. Penioni ya karkata sanda zai nufi gaɓa.

"Surukina," in ji Bubu Arieta. Ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye a gaban mutane ba. Ya cire hula, ya amsa da sunan da muke kiran suruka.

"Na'am, Nei."

"Rabona da hawa bilibili shekara talatin. Iskar nan na yi mini daɗi a fuska. Ƙara gaba kaɗan."

"Nama na hucewa!" Watisoni ya yi ihu, yana matse kwat. "Wa zai dawo da mu? Jirgin nan ba ya haurowa sama!"

"Kun ɗauko ni ɗazu, kwa ɗauko ni anjima. Ƙyauren na nan."

Penioni ya dubi matarsa. Salanieta ta share ido, ta ɗaga masa haɓa wajen ƙasan kogi. Ya zare sandar daga ruwa, muka wuce garin a guje, masu tarba a gaɓa suka tsaya da furanni a hannu, baki buɗe, sannan su ma suka biyo mu.